Kafin Murya Ta Hau Iska: Yadda Gwani Yake Zaɓen Kayan Ƙaramar Tashar FM

Duk wanda ya ƙudurta buɗe ƙaramin gidan rediyo a Kano, tambayar da take fara fitowa daga bakinsa ita ce: "Injiniya, wat nawa zan saya?" Kuma ba zai rasa mai ba shi amsa nan take ba. Akwai masu nuna hoton na'ura a fuskar waya, su faɗi farashi, su ce da an biya sai jiran isowarta daga ƙasar Sin. Wanda ya san aikin kuwa ba ya amsa wannan tambaya a ranar farko. Abin da zai ce shi ne: "Alhaji, a nuna mini takardar tukuna, sannan a sa yaro ya kai ni saman benen." Transimita, wato na'urar da take ɗora murya a kan iska, ita ce ta ƙarshe a cikin manyan kayan da yake zaɓa. Sanin abin da ake fara dubawa da abin da ake bari sai daga baya, nan gwanintarsa ta fara.

Takardar da yake nufi ita ce lasisi. A 1992 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, wato NBC, aka buɗe wa masu zaman kansu ƙofar mallakar rediyo da talbijin. Dokar ta ba hukumar ikon amincewa da ƙarfin transimita, da wurin da za a kafa tasha, da iyakar yankin da muryarta za ta kai, har da irin kayan da za a yi aiki da su. Ray Power ta fara a Legas a 1994, Freedom Radio ta fara a Kano a 2003. Ƙananan tashoshi su suka daɗe suna jira. Na jami'o'i, irin BUK FM da ke kan 98.9, su suka riga samun dama, sai a 2015 aka amince da lasisin rediyon al'umma guda 17 a faɗin ƙasar. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu nisa a wannan fage: tun 1999 aka kunna rediyon ƙauye mai aiki da hasken rana a Bankilare, yau kuma irinta sun haura ɗari. Injiniyan kirki ba ya taɓa waya sai ya ga wannan takarda. Hawa iska babu izini laifi ne, sannan kuma lambobin da zai gina komai a kansu suna cikinta.

Babbar lamba ita ce ta zango. Zangon FM ya fara daga megahaz 87.5 ya tsaya a 108, kuma a Kano ya cika maƙil. Murɗa rediyo kaɗan ka ji Arewa a 93.1, ƙara gaba ka ji Rahama a 97.3, ga Freedom a 99.5, ga Pyramid a 103.5, ban da wasu da yawa a tsakaninsu. Kafin ya ce uffan game da kaya, gwani zai zauna da ƙaramar rediyo mai araha, irin wadda mai shayi da mai gadi suke riƙewa, ya saurari abin da ke sama da ƙasa da lambar da aka ba tashar. Idan maƙwabciyar lamba babbar tasha ce mai dubban wat, ya san cewa a rediyo mai rauni za ta riƙa danne ƙaramar. Wannan zai sa ya ƙara matsa wa kansa wajen tsayin eriya da tsabtar sauti.

Sai hawa rufi. Igiyar FM tafiyarta kusan a miƙe take, ba ta iya zagaye gini ko tudu yadda ta gajeren zango take ƙetare ƙasashe. Ɗauki misalin fitila: ka ajiye ta a ƙasan tsakar gida, haskenta ya tsaya a katanga, ka ɗaga ita wannan fitilar a kan dogon gora, maƙwabta na uku su gan ta. A lissafin masana, eriyar da ke mita 9 daga ƙasa tana hangen kusan kilomita 12, mai mita 25 kusan kilomita 20, mai mita 36 kusan 25. Kuma a fili mai shimfiɗa irin na Kano, inda in ka cire Dala da Goron Dutse babu wani tudun a-zo-a-gani, ninka tsayin eriya sau biyu yana yin aikin da sai an ninka ƙarfin transimita wajen sau huɗu za a samu. Shi ya sa idonsa yake kan benayen da suka kewaye wurin. Sabon Gari da Fagge, alal misali, unguwanni ne masu cunkoson gini, ga kankare, ga rufin kwano, ga tankunan ruwa na ƙarfe a sama. Zai juya gabas da yamma, kudu da arewa, yana rubuta wane bene ne ya fi wurin tsayi, kuma ta wane ɓangare masu sauraron da ake nema suke.

A nan yakan kwantar wa mai tasha da hankali da wani misali daga Amurka. A can, tun shekarar 2000 aka ware wani aji na ƙananan tashoshin FM, iyakar ƙarfinsu wat 100, a eriya mai tsayin mita 30, kuma ana lissafa musu ingantaccen ji har kimanin kilomita 5.6. A ƙauyen Amurka wannan ba wani abu ba ne. Amma zana da'irar kilomita biyar daga Fagge ka gani: Sabon Gari tana ciki, Gwagwarwa da Birget suna ciki, Ƙofar Ruwa da babban yanki na cikin birni duk suna ciki. Ƙaramar hukumar Fagge kaɗai ta kusa mutum 200,000 a ƙidayar 2006. Wat ɗari a wurin da ya dace ya isa ya shiga kunnen jama'ar da ta fi ta wasu manyan garuruwa.

Hasumiyar da za ta ɗauki eriya aikin masu walda ce, amma injiniya ne yake faɗin kaurin ƙarfe, da zurfin gindi, da wuraren ɗaure wayoyin da za su riƙe ta ta fuska uku, domin iskar farkon damina ba ta san sabon aiki ba. Akwai kuma maƙwabcin da ba a mantawa da shi a wannan yanki, filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Dogon ƙarfe a kusa da hanyar jirage sai da izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, da fenti ja da fari, da jan ƙwai a ƙololuwa.

Ita eriyar kanta, kallon farko ba ka ganin komai sai bututun alminiyam biyu, ɗaya ya dubi sama ɗaya ya dubi ƙasa. Sirrin yana cikin tsawonsu. Kowace lambar zango tana da tsawon igiyarta: a megahaz 100 mita uku ne, eriyar kuma ana yanka ta ta ɗan gaza rabin haka. Gwani yakan raba 143 da lambar tashar, abin da ya fito shi ne tsawon a mita. A 100 zai samu mita 1.43, a 88 kusan 1.62, a 108 kusan 1.32. Ka ga tsakanin farkon zango da ƙarshensa akwai santimita 30, don haka eriyar da aka yanka wa wata tasha ba lalle ta yi wa wata ba, ko da sabuwa ce fil a kwali. Yana tsayar da ita a tsaye, ba a kwance ba, saboda eriyar mota da ta ƙaramar rediyo da wayar abin sauraro ta salula galibi a tsaye suke. In kuɗi ya kai, sai ya jera biyu, ɗaya bisa ɗaya, da tazarar da ta kusa mita uku. Biyun ba sa ƙirƙiro wuta, sai dai suna tattaro wadda za ta ɓata tana hawa sama su miƙa ta wajen gidajen mutane, ƙarfin da ke isa gari ya kusa ninkawa. Huɗu kuma su kusa ninka shi sau huɗu.

Lissafi yana kai shi kusa ne kawai. Gyaran ƙarshe sai da awo, kuma a nan nake son mai karatu ya tsaya ya kalli hannunsa. Idan eriya ba ta dace da lambarta ba, ba ta karɓar dukan wutar da aka aiko mata. Wani kaso yana komowa ta cikin kebul ya faɗa wa transimita ya zama zafi. Ma'aunin wannan komowa shi ake kira SWR. In ya nuna 1.5, kashi 4 cikin ɗari ne suke dawowa, babu laifi. In ya kai 2, kashi 11 ke nan. A 3 kuwa rubu'in wutar ce take juyowa gida. Yaronsa yana can sama, ɗaure da bel, shi kuma yana ƙasa da 'yar na'urar awo wadda ba ta fi tafin hannu ba, tana zana layi mai kwari a fuskarta. Kwarin nan shi ne inda eriya ta fi jin daɗin aiki. In ya faɗo ƙasa da lambar tashar, eriya ta yi tsawo. In ya haura, ta gajarce. "Sassauta maɗaurin, ka tura bututun ciki rabin santimita, sama da ƙasa daidai wa daida." Yaro ya tura, ya ɗaure. "Oga, ya yi?" "Janye jikinka daga gabanta tukuna, kana ɓata mini awo." Haka za su yi ta yi, tura kaɗan, janyo kaɗan, har kwarin ya zauna daram a kan lambar. Sannan ya sa a yi wa wurin alama, a ɗaure tamau. Ba a kunna transimita mutum yana jikin eriya, wannan doka ce da yake koya wa yaro tun ranar farko. Mai son jiki yakan auna eriya a ƙasa, jingine da bango, ya ce ta yi. Ba ta yi ba, domin ƙarfen hasumiya da tazarar da ke tsakaninsu suna sauya awon, sai an auna ta a inda za ta zauna.

Tsakanin eriya da transimita akwai kebul, kuma a ganina babu inda ake asarar kuɗin masu ƙananan tashoshi a ɓoye kamar nan. Kebul ɗin rediyo waya ce a tsakiya, da farin abin rufi kewaye da ita, da saƙar ƙarfe a bayansa, sannan baƙar riga. Wanda ya cika shagunan France Road da layukan 'yan lantarki na kasuwar Abubakar Rimi shi ne na dish da talbijin, mai om 75. Transimita kuwa mai om 50 take so. Ido ba ya bambance su daga nesa, sai an karanta rubutun jikin rigar. Ko a cikin masu om 50 ɗin ma akwai daraja hawa-hawa. Siririn nan da ake kira RG-58, in aka ja mita 30 nasa, wajen kashi biyu cikin uku na wutar yana ƙonewa a hanya: ka zuba wat 100 a ƙasa, abin da ya isa sama bai wuce 33 ba. Mai kauri, RG-213, yana isar da wajen 60. Kebul mai rabin inci, wanda bayansa bututun tagulla ne mai gurɓi-gurɓi, yana kai fiye da 80. Yanzu haɗa lissafin: mutum biyu sun sayi transimita iri ɗaya, ɗaya ya sa siririn kebul da eriya guda, ɗaya ya sa mai rabin inci da eriya biyu. Na biyun ya fi na farkon ƙarfi a iska wajen sau biyar, alhali kuɗin man da suke sha ɗaya ne.

A gaban mai shago, gwani zai nemi a yanko masa ɗan guntu. Ya feɗe rigar da reza, ya dubi saƙar: in ta yi sako-sako har farin ciki yana leƙowa, ya ajiye. Ya kankare 'yan silin da wuƙa ya ga ko jan ƙarfe ne har ciki, ko kuwa alminiyam aka shafa wa launi. In yana shakka, ya ɗora musu dalma mai zafi, domin dalma ba ta kama alminiyam. Amma ga inda ilimi ya raba shi da mai rabin sani: a kebul mai rabin inci na asali, wayar tsakiya sau da yawa alminiyam ce aka lulluɓe da tagulla, kuma hakan ba algus ba ne, saboda wutar rediyo a fatar ƙarfe take gudu, ba ta shiga cikinsa. Wanda bai san wannan ba sai ya mayar da kaya mai kyau yana cewa an cuce shi.

Ɗaura mahaɗi a bakin kebul aikin minti talatin ne da yake iya raya tasha shekaru ko ya kashe ta a damina guda. Yana auna inda zai yanka da ma'auni, ba da ƙiyasi ba. Ya zagaya reza a hankali don kada ta ciji saƙar, ya taje silin baya, ya tabbatar ko ɗaya bai taɓa wayar tsakiya ba, ya liƙa allurar mahaɗin da dalma har ta yi sheƙi, ya hure ɓurɓushin ƙarfe, ya gwada da mita. Bayan an ɗaura a jikin eriya, sai ya naɗe mahaɗin da tef ɗin roba mai narkewa a jikin kansa, yana farawa daga ƙasa yana hawa, domin kowane zagaye ya rufe bakin na ƙasansa ruwa ya zame. Ya ƙara baƙin tef a kai saboda rana. A inda kebul zai shiga ɗaki kuma sai ya lanƙwasa shi ƙasa kaɗan kafin ya hau ramin bango, ruwan da ya biyo shi ya ɗige a waje.

Sai yanzu ake maganar transimita. Kasuwarta kashi biyu ce: ga sababbi masu sauƙin kuɗi daga Sin, ga na kamfanonin Turai, musamman na Italiya irin su RVR da Elenos, sababbi ko na hannu. Duka da dala ake kawo su, don haka kafin a yanke shawara sai an ji yadda canji ya kwana a Wapa. Ra'ayina shi ne sunan ƙasa ba ya wanke na'ura kuma ba ya kashe ta. Awo ne alƙali. Gwani yana zuwa da abin da za a kira eriyar gwaji, wani dunƙulen ƙarfe mai om 50 da yake shanye wutar ya mayar da ita zafi ba tare da ta fita iska ba. Ya haɗa, ya kunna, ya bar ta tana aiki sa'o'i, da tsakar rana ba da sanyin safiya ba. Yana duban ko wat ɗin da aka rubuta a jiki shi ne yake fitowa, ko lambar zango tana zaune a kulle ba ta zamewa in na'ura ta ɗau zafi, ko tana rage wuta da kanta idan komowa ta yi yawa. Ya buɗe murfi ya karanta lambar babban transistan ƙarshe, ya tambayi kansa ko in ya ƙone za a samu na asali, domin jabunsa ya yi yawa a duniya. Ya fi son na'urar da ƙarfinta ya ɗara abin da aka yarje wa tasha, in hukuma ta amince da ita, a riƙa tafiyar da ita ƙasa da iyakarta don ta daɗe.

Akwai gwajin da ya fi duk waɗannan nauyi a wannan yanki. Kowace transimita, ban da lambarta, tana fitar da 'ya'yan sauti a wasu wurare. Ninkin 98 shi ne 196, wanda ya faɗa zangon talbijin. Mafi haɗari kuma, daga 108 zuwa 137 zangon jiragen sama ne: ƙasansa na na'urorin da suke nuna wa jirgi hanyar sauka, samansa na maganar matuƙi da hasumiyar filin jirgi. Bango ɗaya ne tsakaninsa da FM. Na'ura mai ƙazanta a saman wani bene a Sabon Gari tana iya watsa hayaniya a kunnen matuƙin da yake shirin sauka. Saboda haka gwani ba ya karɓar transimitar da ba ta da matata, wato jerin naɗaɗɗun wayoyi da suke barin lambar tasha ta wuce su tare sauran. Kuma ba ya yarda da maganar baki. Sai ya nemo na'urar da take nuna dukan zango a allo, ko da haya ce, ya ga da idonsa cewa tsini ɗaya ne ya tashi.

Ƙananan saituna biyu ma yana dubawa. Akwai ɗan ƙarin kaifi da ake yi wa sauti kafin a watsa shi, wanda rediyon mai sauraro take warwarewa. A nahiyarmu da Turai ma'auninsa 50 ne, a Amurka 75, in aka bar na'ura a kan na Amurka sai murya ta riƙa tsini a kunne. Na biyu, sitiriyo. Masu tasha suna sonsa saboda suna, amma a gefen da sigina ta yi rauni shi ne yake kawo shuu. Tashar da yawancin shirinta hira ce da wa'azi da sanarwa, sauti guda ya fi mata nisa da tsabta, kuma mai ba da shawara na gaskiya zai faɗi haka ko ba a so ji ba.

A ɗakin watsa shiri, abokin gaba shi ne hayaniyar unguwa: hon ɗin adaidaita sahu, janaretan maƙwabta, lasifikar masu talla. Don haka makirufon da ya dace ba shi ne mai jin motsin sauro ba. Ana zaɓar irin wanda ba ya buƙatar wuta, mai ɗaukar abin da ke gabansa kawai, ya yi watsi da na gefe da na baya. Shure SM58 da ake gani a hannun masu wa'azi da mawaƙa ma yana yin aikin. Soso da labule masu kauri a bango suna kashe amsa-kuwwa a cikin ɗaki, amma ba sa hana ƙarar waje shigowa. Wannan sai bulo mai nauyi, da ƙofa biyu, da toshe duk wata kafa. Mikisar biki tana iya fara aiki, sai dai ta rediyo tana da dabaru biyu da suka sa ta fi: da an buɗe makirufo take kashe lasifikar ɗaki don kada a ji kuwwa, kuma tana mayar wa mai kiran waya dukan shirin ban da muryarsa. A garin da mutane suke son bugo waya a ji ra'ayinsu kamar Kano, wannan dabara ta biyu ba ado ba ce. Wayoyin sauti kuma masu baki uku ake sa wa, domin eriya tana bisa kai, kuma wutarta tana son kutsawa cikin siraran wayoyi ta zama gurnani. In ta kutsa, yana da zobban baƙin ƙarfe da yake zura wayar a ciki su tare ta.

Tsakanin mikisa da transimita dole a sa mai tsaron ƙofa, na'urar da take danne sauti in ya yi yawa. Ƙa'idar FM ita ce kada igiya ta kauce wa lambarta fiye da kilohaz 75 ta kowane gefe. Mai gabatarwa ya yi dariya da ƙarfi ko baƙo ya ɗaga murya, in babu wannan na'ura, sai tasha ta fantsama cikin ta maƙwabta. Kwamfuta guda ta isa sarrafa shirye-shirye, akwai ma manhajoji na kyauta irin Audacity don gyaran murya. Amma yana ware wata 'yar na'ura da ba ta da aiki sai naɗar duk abin da ya fita iska, saboda ranar da hukuma ko wani mai ƙorafi zai ce a kawo abin da aka faɗa.

Wutar lantarki kuwa da alƙalami yake fara ta. Ya jera kowace na'ura da abin da take ci. Ƙaramar transimita takan ja kusan ninki biyu na abin da take fitarwa. A haɗa da mikisa da kwamfuta da fitilu da fanka, a ce wat 500. Sa'a shida na dare ke nan wat-awa 3,000. Batir mai lamba 200 a bolt 12 yana ɗauke da 2,400, amma in irin na ruwa ne rabin kawai ake ci in ana so ya yi rai, don haka huɗu za a jera don a samu rara, ko a koma wa na litiyam in aljihu ya yarda. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, sola ta tashi daga abin marmari ta zama ginshiƙi, janareta ya koma na ko-ta-kwana. Inbata kuma sai mai fitar da wuta mai santsi irin ta layi. Mai arahar nan tana sa ƙugi a sauti wanda babu mikisar da za ta cire shi. Araha ba ta ado.

Yanayin Kano yana da nasa sharuɗɗan. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, don haka transimita tana son ɗakinta daban, mai iska ko na'urar sanyi, da sarari a bayanta. Da hunturu ƙura take toshe fankokinta, sai an sa mata raga ana hurewa a kai a kai. Da damina kuma ga tsawa, hasumiya kuwa ita ce ƙarfe mafi tsayi a unguwa. Yana sa sandar tagulla a can ƙololuwa ta ɗara eriya, ya sauko da faffaɗar tagulla a miƙe ba lanƙwasa mai kaifi, zuwa sanduna da aka kafa cikin ƙasa. Ƙasar rani busasshiya ce, shi ya sa masu aikin suke zuba gawayi da gishiri a ramin suna ba shi ruwa, shi kuma ya san gishirin yana cin ƙarfe a hankali, don haka yake tonawa ya duba duk shekara. Ya sa abin tare tsawa a kan kebul kafin ya shiga ɗaki, sannan ya haɗe wayar ƙasa ta hasumiya da ta transimita da ta inbata a wuri guda, don kada wutar aradu ta ratsa ta cikin kaya tana neman hanya.

Ranar gwaji ba a fara wa da cikakken ƙarfi. Ya kunna a wat kaɗan, ya dubi komowa, ya taɓa mahaɗai ya ji ko akwai mai ɗumi, ya ƙara, ya sake dubawa. Sannan ya ɗauki 'yar rediyon nan mai araha, ba ta mota ba, domin ta mota tana da kunnen da yake rufa wa tasha asiri. Ya bi titin Katsina, ya dawo ta titin Murtala Muhammad, ya kutsa cikin rumfunan Kantin Kwari inda kwano ya rufe sama, ya shiga lungunan cikin birni, yana sa alama a taswira: nan tas, nan da shuu, nan babu. Inda ya samu rami, yakan koma ya duba wane gini ne ya tsaya a tsakani, ko ta wane gefen hasumiya eriya take fuskanta.

Abu na ƙarshe da yake miƙa wa mai tasha littafi ne mai layi-layi. Kowace safiya wanda yake bakin aiki zai rubuta wutar da take fita, da wadda take komowa, da zafin na'ura, da ƙarfin batir. Amfaninsa yana bayyana ne bayan ruwan farko. Idan komowar da ta saba tsayawa a wat 2 ta tashi zuwa 8, ruwa ya shiga wani mahaɗi. Sai a rage wuta, a jira sama ta washe, a kashe na'ura, yaro ya hau ya warware tef, a yanke inda ya jiƙe, a ɗaura sabo, a sake awo. Saboda wannan rana ce tun a takardar sayayya ya rubuta mahaɗai na ajiya, da fis, da fanka guda, da naɗin tef biyu, kuma ya bar rarar mita biyu na kebul a gindin hasumiya.